Santimita Huɗu

Ranar wata Asabar bayan la'asar na tsinci kaina a tsaye a ƙofar gidanmu, riƙe da babur mai nauyin kilo 216, yara kamar ashirin sun yi mini zobe, ƙofar soro kuma ta ƙi karɓar abin da na kawo mata. Na tura a hankali, kan babur ɗin ya daki bango ta dama. Na ja baya na karkata, ya daki bango ta hagu. A karo na uku wani yaro da bai wuce shekara bakwai ba ya ce da ɗan'uwansa, da murya wadda kowa ya ji, "Wallahi ba zai shiga ba." Babana yana zaune a kan dakali da carbinsa, bai ɗago ba, bai kuma ce uffan ba. Wanda ya san shi ya san wannan shirun ya fi faɗa nauyi.

Bari in fara da amsa laifina. Da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, na shiga sahun ma'aikatan da suka fara kallon motarsu kamar baƙon da ya daɗe bai tafi ba. Na sayar da tawa. Hujjar da na bayar a gida ita ce tsimin mai, da kuma cewa ɗan jarida yana bukatar abin hawa da zai ratsa cunkoson Kano ya kuma kai shi ƙauye idan labari ya taso. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, amma da tsimi kaɗai nake nema da Boxer na saya, irin wanda ke ko'ina, wanda mutum ɗaya zai ɗaga gindinsa ya juya shi inda yake so. Abin da na sayo daga Legas, na hannu, Kawasaki Versys ne mai injin 650, dogo, mai faɗin kafaɗa, mai tankin lita 21. Tun ina ɗalibi a jami'a nake sha'awar irinsa. Na yi lissafin kuɗinsa, da kuɗin kawo shi, da na takardu, da na hular kwano. Ban taɓa ɗaukar tef na auna ƙofar da zai riƙa kwana a bayanta ba.

Kwana a waje kuwa ba zance ba ne. Gidanmu a cikin birni yake, gidan gado ne wanda kakanmu ya gina, ni da iyalina muna da sashe a ciki. A unguwanni irin tamu babur baya kwana a lungu sai mai shi ya gaji da shi. Duk da cewa tun watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, gwamnati ta hana acaɓa a birnin Kano, babur bai bar rayuwar mutane ba. Ya koma abin hawan malamin makaranta, da ɗan kasuwa, da ma'aikaci, kuma kasuwar sassansa tana nan da ranta, wanda shi ke sa ɓarawo bai rasa inda zai kai. Da magariba idan ka bi lunguna za ka ga abu ɗaya yana maimaita kansa: magidanci ya kashe inji, ya ɗora tayar gaba a kan ɗan katako, ya tura cikin soro. Abin ya zama jiki har ba wanda ke lura da shi. Ni ma ban lura ba, shi ya sa na ɗauka duk abin da ake kira babur soro zai haɗiye shi.

A daren nan maƙwabcinmu mai shagon gyaran firji ya rufa mini asiri, babur ya kwana a shagonsa tsakanin matattun firji. Washegari na fito da tef.

Ga abin da na samu. Faɗin ƙofar soro, idan ƙyaure yana jikinta a buɗe, santimita 76 ne, domin kaurin ƙyauren da hinjinsa suna cin wani abu. Idan aka cire ƙyauren gaba ɗaya, 80. Faɗin kan babur daga wannan ƙarshe zuwa wancan, 84, ban da madubai. Madubai ba matsala ba ne, sifana ɗaya ta ishe su. Saura santimita huɗu, faɗin yatsu biyu na babban mutum. Na tsaya ina kallon yatsuna biyu ina mamakin yadda za su raba ni da abin da na sayar da mota na saya.

Duk wanda ya zo wucewa yana da shawara, kuma kusan dukkansu abu ɗaya suke faɗa: karya kan. Suna da gaskiya a lissafi. Idan ka juya kan babur, faɗin da yake tarar ƙofa da shi yana raguwa, kamar yadda ake shigar da faranti ta ƙaramar taga idan an karkata shi. Nawa yana juyuwa kusan digiri 35 kafin ya tsaya, kuma a wannan juyin santimita 84 suna komawa wajen 69. Ga shi an samu rarar 11. Matsalar ita ce kan da tayar gaba abu ɗaya ne. Da zarar ka karya kan, tayar ta daina kallon cikin gida, ta koma kallon bango, duk turawar da za ka yi can za ta nufa. Masu babur sun daɗe da sanin dabarar wannan: ka zo a karkace, ka zura ƙarshen kai ɗaya ya wuce bakin ƙofa, sannan ka murɗa ka zura ɗayan, kamar mai shigar da kafaɗa cikin riga mai ƙunci. Dabarar tana aiki a gidan bulo, inda kaurin bango bai wuce taƙi ɗaya ba, domin da ƙarshen kan ya leƙa ciki ya sami sarari.

Bangon soronmu na ƙasa ne, na tubali, kuma a tsayin da kan babur yake kaurinsa santimita 55 ne. Maginan da suna faɗaɗa gindin bango su riƙa tsuke shi yayin da yake tashi, saboda ya ɗauki nauyin kansa da na rufi. Wannan kaurin shi ke sa soro sanyi a watan Afrilu lokacin da ɗakin bulo ke zama tanda. Shi ne kuma ya mayar da ƙofarmu wani ɗan gajeren rami mai bango dama da hagu. Ka zura ƙarshen kai ɗaya, bai fita ko'ina ba, yana nan cikin ramin yana gogar makuba. Rarar santimita 11 ɗin nan tana ƙarewa kafin ka yi tafiyar taƙi ɗaya, saboda tayar tana jan babur ɗin gefe. Na yi wannan lissafin a bayan ambulan, ina jin wani irin daɗi na banza, irin na wanda ya gano sunan cutarsa alhali bai samu magani ba.

Sai dokin ƙofa, wanda kowa ke mantawa da shi. Namu tsayinsa santimita 22 ne, an ɗaga shi ne don kada ruwan lungu ya shigo a watan Agusta. Tsakanin cikin babur ɗina da ƙasa akwai santimita 17 kawai, kuma abin da ke can ƙasan shi ne tukunyar salansa. Idan ka sa gajeren katako, tayar gaba za ta hau ta sauka, ta baya ba ta fara hawa ba, sai dokin ƙofa ya tokare cikin babur ɗin a tsakiya, ya bar shi yana lilo. Maganin shi ne dogon katako ta ciki da ta waje, wajen mita ɗaya da rabi kowanne, yadda lokacin da tudun ya zo daidai tsakiya tayoyin biyu suna kan gangare, ba su kai ƙasa ba. Sa'armu ɗaya, ƙofarmu tana kallon bakin wani lungun, don haka akwai inda za a miƙe a zo mata gaba da gaba.

Wanda ya warware matsalar santimita huɗun bakanike ne, saurayi wanda bai gama sakandare ba. Ya dubi ambulan ɗina da ladabi, ya ajiye shi a gefe, ya ɗauko alanki ya kwance wasu dunƙulallun ƙarafa biyu da ke toshe a ƙarshen kan. Ana sa su ne don su rage karkarwar da inji ke aikawa hannu. Kowanne ya ci kusan santimita uku. Ya sake aunawa, 78. Muka cire ƙyaure muka jingine shi, muka shimfiɗa katakai. Ba wurin da mutum zai tsaya a gefe, don haka ƙanena ya shiga gaba ya riƙe tsakiyar kan yana tafiya da baya, ni da bakanike muna turawa ta baya, santimita ɗaya a dama, ɗaya a hagu. A tsakiyar hanya abin ya ɗan karkata, hannun birki ya tsaga makubar bango ya bar wani dogon zane fari. Amma ya shiga. Yara suka yi shewa kamar an ci ƙwallo.

Murnata ba ta kai minti ɗaya ba, domin niyyata tun farko ba soro ba ce, tsakar gida ce, kusa da sashena, inda na riga na share wuri. Sai da babur ya tsaya a tsakiyar soro na juya na dubi ƙofa ta biyu da idon mai babur, ƙofar da na bi sau dubbai tun ina rarrafe.

Duk wanda ya tashi a gidan Hausa na gargajiya ya san ƙofar ciki ba ta kallon ta waje. Da gangan aka yi haka. Mai wucewa a lungu zai iya ganin cikin soro, ya ga maigida da baƙinsa, amma idonsa zai tsaya a bango, ba zai kai ga matan gida ba. A manyan gidaje ma sai ka bi soro, ka bi fili, ka bi shigifa, kowace ƙofa ta kauce wa 'yar'uwarta. Ginin da kansa yana yin aikin labule, yana kuma tilasta wa baƙo ya tsaya, ya yi sallama, ya jira. Tamu ƙofar cikin tana bangon hagu ne, faɗinta santimita 70. Soron kuwa bai kai mita uku ba ta kowane ɓangare, babur kuma tsawonsa ya haura mita biyu. Jikin mutum yana lanƙwasa, haka doki yana karya wuya ya ɗaga ƙafa ya tsallake dokin ƙofa. Ƙarfe mai tsawon mita biyu baya yin ko ɗaya.

Daga baya na gano cewa masana lissafi sun sha fama da irin wannan kwana fiye da rabin ƙarni. A 1966 wani masani mai suna Leo Moser ya jefa tambaya: idan akwai siririyar hanya mai kwana irin ta kusurwar ɗaki, wace doguwar kujera ce mafi girma da za a iya zagayawa da ita kwanar ba tare da an ɗaga ta ba? A 1992 Joseph Gerver ya zana wata siffa mai lanƙwasa goma sha takwas, mai kama da kan tarho irin na da, ya ce yana jin ba a wuce ta. Sai a ƙarshen 2024 wani matashi ɗan Koriya ta Kudu, Jineon Baek, ya fitar da hujja mai shafi sama da 100 cewa lallai Gerver ya yi daidai. Abin da ya ja hankalina a siffar shi ne tana da rami a cikinta, wanda kusurwar bango ke shiga yayin da take juyawa. Wato abin da zai sha kwana sai ya bar wa kwanar wuri a jikinsa. Babur ɗina ba shi da irin wannan ramin. Ko da na juya shi da ja-baya-tura-gaba har ya fuskanci ƙofar, 78 ba ta shiga 70.

Da daddare na sami Baba. Na zauna a ƙasa, na yi doguwar shimfiɗa kan tsadar rayuwa da ɓarayi, sannan na kawo buƙatata: a sassabe bangon ƙofar ciki, santimita biyar ta nan, biyar ta can, ni zan biya, zan kuma sa a yi shafe mai kyau. Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Ƙofar nan ta ishi uwarka shigowa ranar da aka kawo ta, ta kuma ishi makararta fita. Kakanka ma ta nan aka fitar da shi. Ban ji wanda ya ce ta yi masa kaɗan ba sai kai." Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba." Ya ce, "Ban yi fushi ba. Je ka tambayi magini."

Na ɗauka kora ce cikin hikima, amma na je. Tsohon maginin da ke yi mana yaɓe duk shekara ya zo ya ɗora tafin hannunsa a saman ƙofar, ya nuna mini abin da ban sani ba. A ƙarƙashin shafen akwai azara jere, itacen giginya wanda gara ba ta cika ci ba, kuma su ke ɗauke da bangon da ke sama, wanda shi ma yake ɗauke da wani ɓangare na rufin soro. Rufin ƙasa nauyi gare shi, idan ya sha ruwan damina kuma nauyin ya ƙaru. Ƙarshen kowace azara yana zaune ne a kan bangon da nake son sassabewa, kuma zaman ba shi da yawa. Ya ce idan na rage masa, ba ranar zai faɗo ba, ba kuma a wannan watan ba, zai jira daren da aka kwana ana ruwa. Idan ana son faɗaɗawa da gaske sai an tokare rufin, an cire tsofaffin azara, an sa dogaye. Ya faɗi kuɗin, ya ƙara da cewa shi dai ba zai taɓa ba sai Malam ya ce a taɓa. Duk daminar duniya muna rubuta labarin gidajen ƙasa da suka rufta a cikin birni, ni da kaina na sha zuwa ɗaukar rahoto, ina tsaye a kan ɓaraguzai ina tambayar mutane yadda aka yi. Ban taɓa kawo wa raina cewa wani lokacin amsar ita ce wani ɗa mai ilimin boko ya so ƙarin santimita goma ba.

Haka babur ya zauna a soro, kuma nan ne ainihin labarin yake, domin soro ba fanko ba ne. Babana tsohon malamin firamare ne, tun da ya yi ritaya soron nan ne ofishinsa. Nan yake karatu bayan asuba, nan abokansa uku suke taruwa da hantsi, nan ake kawo masa ƙarar rikicin maƙwabta, nan aka karɓi gaisuwar mahaifiyata kwana bakwai. Yanzu rabin wurin ya zama na Kawasaki. Buzun Baba ya matsa kusurwa. Abokansa suka koma dakali a waje, suna bin inuwa. Matan gida da 'yan makaranta sai sun tattare tufafi sun bi ta gefe. Kullum da safe sai an cire ƙyaure an shimfiɗa katakai an nemo ƙanena, da yamma a sake. Ba wanda ya yi mini magana. Na fi son a ce an yi.

Sai wari. Babur babba idan ya dawo daga tafiya yana fitar da zafi da tururin mai na tsawon lokaci, soro kuma ba shi da taga sai wata 'yar ƙaramar kafa can sama. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, daidai inda mai zama a buzu yake shaƙa, daidai kuma inda ake ajiye kaskon wuta da sanyi ko maganin sauro mai hayaƙi. Tun ranar farko na kafa wa kaina doka cewa ba zan taɓa tayar da inji a ciki ba, saboda hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar nan marar launi marar wari da ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki. Wannan na kiyaye. Amma Baba ya fara tari da asuba, ina jin sa daga sashena, ina gaya wa kaina hazo ne.

A mako na uku na dawo daga Wudil da yamma, muka shigar da babur, na tsaya a waje ina amsa waya. 'Yata, wadda ba ta cika shekara uku ba, ta fito da gudu don ta tare ni, ƙwallonta ya gangara ƙarƙashin babur, ta durƙusa ta miƙa hannu. Ƙarar da ta yi har yanzu tana kunnena. Kusan duk wanda ya yi zamanin acaɓa yana da tabon salansa a ƙwaurinsa, muna ma yin raha da shi, amma ganin sa a damtsen yarinya ƙarama wani abu ne dabam. Baba ne ya riga kowa isa. Ya ɗauke ta ya kai bakin famfo ya sa hannun a ƙarƙashin ruwa, ya hana a shafa mata man goge baki da ɗanyen ƙwai da kowa ke kawowa, ya riƙe ta a haka kusan minti ashirin kafin muka tafi asibiti. Ƙunar ba ta yi zurfi ba, alhamdu lillahi. Uwarta ba ta ce mini komai ba a hanya, da muka dawo ma ba ta ce ba, sai da ta kwantar da yarinyar ta ce, "Abban yara, ko dai gidan ko dai mashin ɗin."

Washegari na mayar da shi shagon mai firji, na ɗauki hotunansa na fara tura wa dillalai. Da daddare na je na gaya wa Baba cewa zan sayar, na kuma ba shi haƙuri kan soronsa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ka tambayi tef, ka tambayi bakanike, ka tambayi magini. Ni da ka zo wurina, umarni ka kawo mini in sa hannu." Ya miƙe ya ɗauki tocila ya ce in biyo shi.

Muka ratsa tsakar gida har can ƙurya, ɗakin da Hajiya, matar Baba, take ajiye buhunan hatsi da tsofaffin tukwane. Tun ina yaro na san shi a matsayin ɗakin tarkace. Ya sa na janye buhu biyu, ya haska bangon baya. Sai da na ƙura ido na ga abin da yake nuna mini: wani layi a jikin shafen, ya tashi daga ƙasa, ya yi sama, ya ratsa, ya sauko. Siffar ƙofa ce, an toshe ta da tubali wanda launinsa ya ɗan bambanta da na sauran bangon.

Kakanmu ɗan kasuwar gyaɗa ne. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta zama arzikin garin, kuma kafin manyan motoci su kai ko'ina jakuna ne suke kawo ta daga ƙauyuka zuwa wurin awo. Kakanmu yana da jakuna huɗu, in ji Baba, kuma jaki da mangala cike dama da hagu ba ya bin soro, ko da zai bi ma ba a ratsa da shi ta gaban baƙi. Shi ya sa aka yi musu tasu ƙofar ta lungun baya. Da farin farkon shekarun 1970 ya zo, cutar gyaɗa ta 1975 ta biyo baya, sana'ar ta mutu, aka sayar da jakunan, aka toshe ƙofar saboda ɓarayi. Baba yana saurayi a lokacin, shi ya miƙa wa magini tubalin. Na ɗora tef a kan layin, hannuna yana ɗan rawa. Santimita 115. Azarar samanta tana nan, dogaye, ba abin da ya taɓa su, domin an yi su ne don wannan faɗin.

Ban tambaye shi dalilin da ya sa bai faɗa mini tun ranar Asabar ɗin farko ba. Ina jin na san amsar, kuma ba na son in ji ta daga bakinsa. Akwai dai wani ɓangare na zuciyata da har yanzu yake cewa da ya faɗa da wuri da yarinyar ba ta ƙone ba, wani ɓangaren kuma yana amsawa cewa ba shi ya kawo ƙarfe mai zafi ya kafe a hanyar yara ba. Na bar su suna gardamarsu.

Buɗe ƙofar bai zo da sauƙi ba. Gidan gado ne da ba a raba ba, sai da aka kira Baffa a Kaduna aka nemi izininsa, shi kuma ya ce a ji ta bakin Gwaggo. Hajiya ta yarda ta bar ɗakin bisa sharaɗin in gina mata wani ƙaramin ma'aji kusa da madafa, wanda ya ci kuɗi fiye da ƙofar kanta. Mai unguwa ya zo ya duba ya tabbatar ƙyauren ba zai buɗe ya tare lungu ba. Magini ya zare tubalin ɗaya bayan ɗaya cikin yini guda, ya huda kafa biyu a sama da ƙasa don iska ta riƙa ratsawa, mai walda ya kafa ƙyauren ƙarfe mai sakata ta ciki. Ƙofar ɗakin da ke kallon tsakar gida kuwa na sa mata kwaɗo, makullin yana aljihuna, ba yaron da zai shiga. Lungun baya ƙunci gare shi, ga kwata a tsakiya, sai na naɗe madubi ɗaya na shiga a karkace, amma ni kaɗai nake yi, ba katako, ba kiran ƙanena. Na mayar da ƙarafan nan biyu a ƙarshen kan, hannuna ya daina karkarwa a hanyar Zariya.

An mayar da ƙyauren soro, buzu ya koma wurinsa, abokan Baba sun dawo ciki. Da magini ya zo yaɓen bana na ce ya bi ta kan zanen da hannun birki ya yi a bakin ƙofa ya shafe shi. Ya kwaɓa ƙasa ya ɗauko, Baba ya ɗago daga littafinsa ya ce, "Bar wannan. Yi sauran."